Douro, Champagne, Stellenbosch ko Kakheti: Wane Yankin Inabi Ya Dace Da Tafiyarka?

Matafiyin da ya ware kwana biyu ko uku don ganin gonakin inabi da gidajen da ake mayar da shi giya, yawanci sunan da ya fi amo a kunnensa yake bi. Amma suna ba ya gaya maka ko jirgin ƙasa yana kaiwa bakin gona, ba ya kuma gaya maka ko a watan da za ka sauka akwai ganye da 'ya'ya a jikin kuringa, ko kuwa sanduna ne tsirara a cikin hazo. Abu biyu ne suke yanke hukunci a irin wannan tafiya: watan da ka je, da wanda zai riƙe sitiyari. Sauran duk bayan waɗannan suke zuwa.

A nan an ɗora yankuna huɗu a kan sikeli ɗaya: kwarin Douro na Fotugal, Champagne na Faransa, Stellenbosch da Franschhoek na Afirka ta Kudu, sai Kakheti na ƙasar Jojiya.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko, lokaci. A arewacin duniya ana girbin inabi daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, a kudanci kuma daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Afrilu. Aikin da ya fi cancantar kallo, wato tsinka da matsa da tsimawa, a cikin 'yan makonnin nan ake gama shi. Ranar fara girbi kuwa ba kalanda ke sa ta ba, yawan sukarin da ke cikin 'ya'yan ne, don haka tana iya gusawa da mako biyu gaba ko baya.

Na biyu, sufuri. Gonaki a warwatse suke, kuma dokar tuƙi ba ta sassauci. A Fotugal da Faransa da Afirka ta Kudu iyakar barasa a jinin direba giram 0.5 ce a kowace lita, a Jojiya 0.3. Ɗanɗano biyar ko shida na iya ƙetare wannan iyaka.

Na uku, kuɗi, kuma hawa uku ne: isa wurin, kwana, da kuɗin shiga kowane gida. Mutane kan lissafa na ukun kawai, alhali shi ne mafi ƙanƙanta.

Na huɗu, ɗorewar shiri. Idan aka yi ruwa, ko aka jinkirta maka biza har girbi ya wuce, me ya rage da za ka gani?

Na biyar, rabon wanda ba ya shan giya. Da yawa daga masu zuwa waɗannan wurare aikin noma da tarihi da kyawun ƙasa ne suke kai su, kuma yankunan nan ba ɗaya suke ba wajen abin da suke tanadar wa irin wannan baƙo.

Na ƙarshe, haɗari da wahalar jiki: zafi, matakala, hanya, tsaro.

Douro, Fotugal

A shekarar 1756 gwamnatin Marquês de Pombal ta shata iyakar wannan yanki da ginshiƙan dutse, abin da ya sa yake cikin yankunan inabi mafiya daɗewa da aka kafa wa doka. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Abin da ido ke fara gani shi ne tuddai masu gangara da aka sassaƙe hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse da aka jera da hannu. Ƙasar wurin dutse ce mai falle-falle, saiwar kuringa takan bi tsagar dutsen ta nutsa mita da yawa neman laima. Nan da can za ka ga hawa-hawan da aka yi watsi da su, ciyawa da itatuwan zaitun sun rufe. Suna kiransu mortórios, kuma tabon ƙwaron phylloxera ne da ya cinye saiwoyin inabin kwarin tun daga shekarun 1860, har sai da aka koma ɗaura reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka.

Ta fuskar sufuri, Douro ya yi wa sauran fintinkau, matuƙar ka tsaya kusa da kogi. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar São Bento ko Campanhã a birnin Porto, ya kai Régua cikin kimanin awa biyu, Pinhão cikin awa biyu da rabi, kuɗinsa bai kai Yuro 20 ba. Ka zauna ta hannun dama in kana tafiya, domin bayan kamar awa ɗaya layin yana gangarowa bakin ruwa ya bi shi har ƙarshe. Daga tashar Pinhão, wadda aka yi wa ado da tayil mai shuɗin zane na aikin girbi, ana takawa a ƙafa zuwa Quinta do Bomfim cikin 'yan mintuna, Quinta das Carvalhas kuma tana tsallaken gada. Quinta shi ne sunan da suke kiran gona mai gidan sarrafawa. Matsalar tana ga gonakin da ke can saman tudu. Tasi kaɗan ne a garin, kuma wanda ya kai ka ba lallai ya dawo ɗaukarka ba sai kun yi alƙawarin lokaci tun farko. Jiragen da ke wuce Régua ma ba su da yawa a rana, saboda haka ka riƙe lokacin jirgin ƙarshe a ka.

Idan ka zo a Satumba, akwai abin da samun kamarsa a wani wuri ke da wuya: taka inabi da ƙafa a cikin kwamin dutse da ake kira lagar. Ma'aikata suna jeruwa sahu, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, suna ɗaga ƙafa tare bisa kiran shugabansu na tsawon kamar awa biyu, sannan a saki sahun a kawo kiɗa. Ba don nishaɗin baƙi aka riƙe wannan al'ada ba. Tafin ƙafa yana murƙushe ɓawo ba tare da fasa ƙwallon ciki ba, wanda in ya fashe yake sakin ɗaci. Ga shi kuma Port, giyar da yankin ya yi suna da ita, kwana biyu ko uku kacal take tsimuwa, don haka dole a fitar da launi daga ɓawon cikin gaggawa. Daga nan sai a zuba barasa mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, kamar lita 115 a kan lita 435, ta cika gangar lita 550. Barasar tana kashe yis, sauran sukarin ya tsaya, shi ya sa Port take da zaƙi kuma ƙarfinta ya kai kashi 19 zuwa 22. Mai ɗanɗanawa ya lura da wannan lissafin: ƙaramin kofi uku na Port ba daidai yake da uku na sauran giya ba.

Kuɗin zagaya quinta galibi yana tsakanin Yuro 15 da 40. Kwana a cikin gona yana da tsada a lokacin girbi, kuma ɗakuna kan ƙare watanni kafin lokacin, amma Régua da Lamego sun fi sauƙi. Wanda ba ya sha ba zai rasa abin yi ba: tafiyar jirgin kanta, yawo a kwalekwalen rabelo irin wanda ake dakon ganguna da shi a da, gidan tarihi na Douro a Régua, da ɗanɗanon man zaitun da almon da gonaki da dama ke sayarwa. Sai dai naman alade ya yawaita a girkin yankin, a riƙa tambaya.

Haɗarin Douro zafi ne da hanya. Mutanen yankin da kansu suna cewa wata tara na sanyi gare su, wata uku na wuta. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40 a cikin kwarin, wutar daji kuma takan turnuƙe sama da hayaƙi. Hanyar N222 daga Régua zuwa Pinhão shimfiɗaɗɗiya ce, amma waɗanda ke hawa tudu matsattsu ne, wasu ba shinge, ga motocin dakon inabi a lokacin girbi. Idan shiri ya rushe gaba ɗaya, akwai mafita a Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga Porto, inda rumbunan ajiyar Port suke buɗe duk shekara. Har zuwa 1986 doka ta tilasta a fitar da Port zuwa waje daga nan kawai. Amma ganguna za ka gani a can, ba gona ba.

Champagne, Faransa

Abin kallon Champagne a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma wannan shi ne ƙarfinsa da rauninsa. A birnin Reims akwai ramukan alli da aka haƙa tun zamanin Rumawa don samun dutsen gini, wasu zurfinsu ya kai mita 30. Sanyin cikinsu digiri 10 zuwa 12 ne rani da damina. Gidan Pommery yana da ramuka masu tsawon kilomita 18, ana sauka ta matakala mai taki 116. Gidan Moët & Chandon a garin Épernay yana da kilomita 28. Ruinart, wanda aka kafa a 1729, shi ne mafi tsufa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mutanen Reims sun fake a cikin ramukan nan daga ruwan bama-bamai, har makaranta aka yi a ciki. UNESCO ta amince da yankin a 2015.

Bayanin aikin da ake yi wa baƙo a nan ya fi na ko'ina tsari. Doka ta ce da hannu za a tsinke inabin, kuma daga kilo 4,000 lita 2,550 kawai aka yarda a matse. Ana tsima giyar karo na biyu a cikin kwalbar da aka toshe, iskar da ta taru ta kai ninki biyar zuwa shida na matsin iskar waje. Kwalba takan kwanta aƙalla wata 15, ta shekara guda takamaimai kuma shekara uku. Sannan a kifa ta a jikin katako mai ramuka, ana ɗan juya ta kullum har laka ta taru a wuya, dabarar da aka samar a gidan Veuve Clicquot wajen 1816. Yau injin da ke ɗaukar kwalba 504 yana gama aikin cikin kamar mako guda. A ƙarshe a daskarar da wuyan kwalbar, a buɗe, matsin ciki ya harbo lakar waje.

Isa wurin ba wuya: jirgin ƙasa mai gudu na TGV daga tashar Gare de l'Est a Paris yana kai Reims cikin minti 45. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen tikitin tashar Champagne-Ardenne TGV, wadda take bayan gari, a maimakon Reims ta tsakiyar birni. Wanda ya yi haka sai ya ƙara hawa wani jirgin, kuma gidajen nan ba sa jiran wanda ya makara. Dole a kama gurbi tun da wuri, a kuma duba harshen da za a yi zagayen da shi, don na Faransanci daban, na Turanci daban. Ƙananan manoma a ƙauyuka kamar Hautvillers, inda aka binne Dom Pérignon, malamin cocin da ya yi suna a aikin giyar yankin, a 1715, sun fi araha da sakin fuska, amma sukan rufe tsakar rana da Lahadi, a lokacin girbi kuma da yawa ba sa karɓar kowa.

Nan ne mafi tsada a cikin huɗun. Manyan gidaje sukan fara daga kusan Yuro 30, wasu su wuce 70. Amma da yake ana iya zuwa a dawo Paris a yini ɗaya, kuɗin kwana yana iya fita daga lissafi. Shirin ba ya jin ruwa ko sanyi, ko da yake wasu gidajen kan tafi hutu a tsakiyar hunturu. Wanda ba ya sha, gaskiya rabonsa kaɗan ne: tikiti yawanci ya haɗa da kofin ɗanɗano, ragin da ake yi wa mara sha ba shi da yawa. Abin da zai cike masa gurbi shi ne babbar majami'ar Reims inda aka riƙa naɗa sarakunan Faransa a da, da ɗakin da Jamus ta sa hannu kan miƙa wuya ranar 7 ga Mayu 1945. Mai ciwon gwiwa ko numfashi ya tambayi ko akwai lif. Gidan Mercier a Épernay yana da lif da ɗan jirgin da ke zagayawa da baƙi a ƙasa. Kowa ya riƙe rigar sanyi ko da a Agusta ne.

Stellenbosch da Franschhoek, Afirka ta Kudu

Ranar 2 ga Fabrairu 1659 Jan van Riebeeck, jagoran 'yan Holan da suka fara zama a wurin, ya rubuta cewa an matse inabin farko a yankin Cape. Simon van der Stel, wanda ya shugabanci yankin daga baya, ya kafa Stellenbosch a 1679 da gonar Constantia a 1685, Faransawa 'yan gudun hijira kuma suka sauka a kwarin Franschhoek daga 1688. Inabin Pinotage, wanda Abraham Perold ya samar a 1925 ta hanyar haɗa Pinot Noir da Cinsaut, ɗan asalin nan ne.

Babu yankin da ya kai wannan shirya wa iyali da mara sha. Gonakin manya ne, an gina su don a wuni a ciki. Babylonstoren tana da lambun kayan marmari da ganyaye mai faɗi, Vergelegen tana da itatuwan kafur da aka dasa wajen 1700, Boschendal an san ta da cin abinci a kan ciyawa ƙarƙashin inuwa. Ruwan inabi mai kumfa wanda ba a tsima ba abu ne da aka saba da shi, gonaki da dama suna jera wa yara da marasa sha nasu kofunan. Abincin halal kuma ba ya wuyar samu a Cape Town da kewaye.

Akwai tarihin da bai kamata baƙo ya wuce shi da ido rufe ba. Fararen gidajen nan masu kyan fuska da gumin bayi aka gina su, waɗanda aka kawo daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonesiya. An soke bauta a 1834, amma sai 1838 aka sake su da gaske, kuma har yau ƙararrawar kiran bayi tana tsaye a harabar wasu gonaki. Bayan haka an daɗe ana biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop, wanda illarsa ga lafiyar iyalai ba ta gushe ba. Ƙauyen Pniel, da aka kafa wa 'yantattun bayi a 1843, yana kan hanya tsakanin garuruwan biyu, ya cancanci a tsaya.

Stellenbosch kimanin kilomita 50 take daga Cape Town. Mai hayar mota ya tuna a hannun hagu ake tuƙi. Wanda ba ya son tuƙi, Franschhoek Wine Tram tana haɗa ɗan jirgin dogo da bas, ana sauka a gona a sake hawa na gaba. Layukan kala-kala ne, kowane da gonakinsa, don haka a zaɓi layi bisa gonar da ake so tun kafin sayen tikiti. Gona uku ko huɗu ne abin da yini ke ɗauka, wanda ya nemi shida zai ƙare da kallon agogo. Motocin manhaja suna kai mutum gona cikin sauƙi, samun na dawowa daga gona mai nisa da yamma shi ne aiki.

Kuɗin ɗanɗano a yawancin gonaki Rand 100 zuwa 250 ne, ya yi ƙasa da na Turai sosai. Disamba da farkon Janairu lokacin hutun 'yan ƙasa ne, masauki kan yi tsada. Fabrairu da Maris girbi ne da zafi. Yuni zuwa Agusta ruwa da sanyi ne, farashi ya sauka, kuringa ba ganye. Batun tsaro na gaske ne: kada a bar kaya a fili cikin mota, a guji tuƙin dare a hanyar da ba a sani ba, kuma kada a bi duk gajeriyar hanyar da taswirar waya ta nuna a kewayen filin jirgin sama.

Kakheti, Jojiya

A 2017 masu bincike suka bayyana samun alamar giyar inabi a ɓaraguzan tukwane a Gadachrili Gora da Shulaveri, kudu da Tbilisi, masu shekara kusan 8,000. Abin da ya sa Kakheti ya bambanta shi ne hanyar da ta yi kama da waccan tana raye a gidajen talakawa. Qvevri randa ce ta yumɓu mai tsinin gindi, wata tana cin lita ɗari biyu, wata fiye da dubu biyu. Ana shafe cikinta da kakin zuma, a binne ta har wuya a daɓen ɗakin da suke kira marani. Ana zuba ruwan inabi tare da ɓawo da ƙwallo, wani lokaci har da karan, a riƙa dannawa da sanda sau da yawa a rana yayin tsimuwa, sannan a rufe da faifan dutse a liƙe da laka har bazara. Ƙasa ce ke daidaita zafi, tsinin gindin kuma yana tara ƙwallo da laka a ƙasa su rabu da ruwan. Farin inabin Rkatsiteli da aka yi wa haka yana fitowa ruwan zuma. Wahalar aikin tana wajen wanki: mutum yake shiga cikin randar ya goge ta da burushin ɓawon itacen ceri, domin randar da ba ta wanku ba takan lalata amfanin shekara guda. UNESCO ta karrama wannan sana'a a 2013, kuma a ƙauyen Vardisubani kusa da Telavi ana iya ganin maginan qvevri suna ɗora ta zobe bisa zobe.

Girbi, wanda suke kira rtveli, yana kamawa daga Satumba zuwa Oktoba, kuma a gidajen iyali baƙo yana shiga aikin da hannunsa. Lokacin ne ake yin churchkhela: a shirya gyaɗar walnut a zare, a tsoma a kunun ruwan inabi da aka dafa da gari, a rataye ta bushe. Babu barasa a cikinta. Amma a kula da bambancin badagi, wato ruwan inabin da aka matse, da machari, wanda ya fara tsimuwa. A ido da baki suna kama, na biyun kuwa akwai barasa.

Nan ne mafi araha, masauki da abinci duka, kuma kuɗin ƙasar Lari ne. Sufuri ne rauninsa. Babu jirgin fasinja da za a dogara da shi. Telavi kamar awa biyu take daga Tbilisi ta mashigin dutsen Gombori mai yawan kwana, Sighnaghi ma kusan haka ta wata hanyar. Ƙananan bas da ake kira marshrutka suna kai mutum gari, ba sa kai shi gona. Hayar mota da direba na yini ita ce mafita, a kuma faɗa wa direban tun a farko cewa ba gudu, ba sha. Tuƙin ƙasar akwai ganganci wajen wuce mota, dabbobi kuma suna yawo a kan titi.

Abu na biyu da ke buƙatar shiri shi ne karamcin mutanen. A walimarsu ta supra, shugaban tebur da ake kira tamada yana ta jero gaisuwar ɗaga kofi, ana kuma zuba chacha, barasa mai ƙarfin gaske da ake dafawa a gida. Mara sha ya sanar da mai gida tun kafin a zauna, a fili kuma sau ɗaya. Hakan ya fi a yi ta ture kofi a tsakiyar taro. Gasasshen naman mtsvadi ma galibi na alade ne a Kakheti. Bayan girbi akwai sauran abin gani, kamar gidan basarake Alexander Chavchavadze a Tsinandali, majami'ar Alaverdi ta ƙarni na 11, da ramin dutse mai tsawon kilomita 7.7 a Kvareli, amma ƙananan gidaje sai an kira kafin a je.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Douro | Champagne | Stellenbosch da Franschhoek | Kakheti |
|---|---|---|---|---|
| Girbi | Satumba | ƙarshen Agusta zuwa Satumba | Fabrairu da Maris | Satumba zuwa Oktoba |
| Daga babban birni | awa 2 zuwa 2½ daga Porto | minti 45 daga Paris | kusan awa 1 daga Cape Town | kusan awa 2 daga Tbilisi |
| Ba tare da tuƙi ba | mai sauƙi a bakin kogi | mafi sauƙi | mai sauƙi a Franschhoek | sai da direba |
| Tsada | matsakaiciya | mafi yawa | ƙasa da Turai | mafi ƙaranci |
| Idan girbi ya wuce | ƙasar na nan da kyanta | komai na nan yadda yake | lambuna da gidaje na nan | ya ragu sosai |
| Rabon mara sha | mai kyau | kaɗan | mafi yawa | mai kyau, sai da bayani |
| Babban haɗari | zafi da hanyar tudu | matakala da makara | tsaro a hanya | tuƙi da matsin sha |

Napa ta Kalifoniya da Chianti ta Italiya ba su shiga jadawalin ba da gangan. Napa, wadda ta yi suna bayan gasar ɗanɗano ta Paris a 1976, tsadarta ta wuce ta Champagne a gidaje da dama, yawancinsu sai da alƙawari, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 21 ba ɗanɗano. Chianti kyakkyawa ce, amma in ba mota ko ayarin yawon buɗe ido daga Florence ko Siena, gonakinta ba sa kamuwa.

Abubuwan da suka shafi ko'ina

Fotugal da Faransa biza ɗaya ce ta Schengen ga wanda fasfonsa ke buƙata, kuɗinta Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma mai nufin girbi ya nema da wuri. Afirka ta Kudu da Jojiya kowace da nata tsarin, gwargwadon fasfo.

Kada a leƙa cikin tanki ko randa mai tsimuwa, kada kuma a shiga ɗakin ƙasa ba jagora a lokacin girbi. Tsimuwa tana fitar da iskar kabon mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa, ba ta da launi, tana sumar da mutum kafin ya ankara. Shiga tsakanin kuringa ma sai da izini, domin takalmi yana ɗaukar ƙwaro da cuta daga gona zuwa gona, kuma saboda wannan dalilin ne ƙasashe ke hana tsallaka iyaka da reshe ko ɗanyen inabi.

Mai ɗanɗanawa ya yi amfani da kwanon tofarwa da ke kan tebur, ba abin kunya ba ne, masu sana'ar haka suke yi. Mara sha kuma ya bambance ruwan inabin da ba a taɓa tsimawa ba da giyar da aka cire wa barasa, don ta biyun tana iya riƙe har kashi 0.5. Kwalba ba ta shiga jakar hannu a jirgin sama, cikakkiya tana kai kilo 1.2 zuwa 1.6, kuma ƙasashe irin su Saudiyya da Kuwait sun hana shiga da barasa sam.

Wa ya kamata ya je ina

Mai yini ɗaya tak, ko wanda ranar tafiyarsa ba ta tabbata ba, ko mai zuwa a hunturu, ya nufi Reims. Shi ne kaɗai zaɓin da wata da yanayi ba sa taɓawa, in dai gwiwa za ta ɗauki matakala, aljihu kuma ya ɗauki tikiti.

Wanda ba ya son tuƙi, yana da kwana biyu ko uku, kuma ƙasa da aikin hannu ne suka dame shi, Douro ne nasa. Ya kwana a Pinhão ko Régua, ya zo a Satumba don lagar, ko a Mayu da ƙarshen Oktoba don sauƙin zafi. Yuli da Agusta ya bar su.

Iyali mai yara, ayarin da wasu ke sha wasu ba sa sha, da wanda ba ya kusantar giya ko kaɗan amma yana son ganin gona, Stellenbosch da Franschhoek sun fi dacewa da su. Haka ma wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Janairu da Maris, lokacin da gonakin Turai suke tsirara.

Mai ƙaramin guzuri, da manomi ko ɗalibin aikin gona da ke son sa hannu a aikin, ya tafi Kakheti a rabin ƙarshe na Satumba, ya ɗauki direba na kwana biyu, ya kwana a gidan iyali kusa da Telavi, ya kuma roƙi a kai shi Vardisubani ya ga yadda ake gina randar kafin ya ga yadda ake cika ta.